Kiɗana ya zagaye gari, amma ko sunana babu a ciki

Assalamu alaikum Yaya. Ni matashi ne ɗan shekara 27. Na yi difloma a fannin lantarki, yanzu ina aiki a wani kamfanin haɗa sola. Albashin ba yawa, amma yana zuwa kan lokaci. Da dare kuma ina haɗa kiɗa a laftof ɗina da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio da wani ɗan fiyano da na saya na hannu. Ni na koya wa kaina tun ina makaranta, har mawaƙa suka fara zuwa ɗakina. Bara na yi wa wani mawaƙi aiki, abokina ne tun yarinta. Ni na tsara kiɗan daga farko har ƙarshe, na ɗauki muryarsa, na tace. Ya ba ni naira 20,000 ya ce in sha ruwa. Waƙar ta karɓu, ana sa ta a gidan biki, a Keke Napep, a TikTok, yanzu har gayyatarsa ake yi Abuja da Yamai. Bai sa sunana ko'ina ba, da na yi masa magana sai ya ce ai ya biya ni. Mahaifina kuma ya ji labarin ina kiɗa, ya ce shi bai haifi maroƙi ba, tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ga maganar aurena ta taso, iyayen yarinyar sun fara bincike. Ana cikin haka wani mai situdiyo a Legas ya ji aikina ya ce in zo, zai ba ni wurin kwana, babu albashi sai abin da na samu. Zuciyata tana ce mini in ajiye aiki in tafi, amma kafin nan in tona wa abokin nan asiri a Facebook. Ka ba ni shawara.

Ƙaninka, mai kiɗa

Wa alaikumus salam ƙanena. Na san abin da ke ci maka rai. Kana zaune cikin keke, direba ya ƙure kiɗan da ka hana idonka barci a kansa, fasinjoji suna gyaɗa kai, kai kuma ba ka da bakin cewa naka ne, don ko ka faɗa dariya za a yi maka. Wannan ciwo ne na gaske, ba zan ce ka share ba. Amma ka lura da abin da fushi ya rufe maka: jama'ar da ba su san ka ba, ba su da dalilin yi maka kara, sun ji aikin hannunka sun karɓa. Matasa da yawa suna shekaru a gaban kwamfuta ba su taɓa samun wannan shaidar ba. Hannunka yana da kyau. Abin da ya rage shi ne har yanzu kana kiɗa ne kamar mai yin alheri, alhali su masu zuwa wurinka kasuwanci suke yi.

Amsata a taƙaice ita ce kada ka ajiye aikinka yanzu, kada kuma ka kai maganar abokinka Facebook. Ga dalilaina.

Mu fara da abokin, domin a nan aka fi cutarka, kuma a nan ka fi ƙarfi fiye da yadda kake zato. Duk waƙar da ta fito tana ɗauke da haƙƙi iri biyu. Akwai haƙƙin abin da aka ƙirƙira, wato baitoci da karin murya da tsarin kiɗa. Akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa, wannan fayil ɗin da ake ɗorawa a YouTube ko Audiomack. Wanda ya zauna ya tsara kiɗa daga babu yana da rabo a na farkon, ko da bai buɗe baki ya rera komai ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba wa mai ƙirƙira haƙƙinsa tun daga lokacin da aikin ya tabbata a rubuce ko a naɗe, ba sai ya yi rajista ba. Ta kuma ce sayar da haƙƙin gaba ɗaya ba ya tabbata sai da rubutu. Izinin amfani kawai, wanda ba na keɓe wa mutum ɗaya ba, shi ne ake iya bayarwa da baki, ko a fahimce shi daga yadda aka yi mu'amala. To ka auna wannan da labarinka. Ka karɓi kuɗi, ka miƙa masa aiki ka san zai sake shi, saboda haka yana da hujjar cewa ka ba shi izini. Amma babu takardar da ka sa wa hannu cewa ka sallama masa kiɗan har abada. "Ai na biya ka" ba ta rufe maganar ba.

Kafin ka sake buɗe baki da shi, tattara shaidarka. Fayil ɗin aikin na FL Studio da kwanan watan da aka fara shi, muryoyinsa tsura kafin a tace, saƙonnin WhatsApp da kuka yi, shaidar turo kuɗin idan ta banki ce. Ka kwafe su a wuri biyu, ɗaya a filas, ɗaya a intanet, don laftof ba ta da alƙawari. Idan kana da hali ka yi wa kiɗan rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa. Ba dole ba ne, amma takardar tana ƙara nauyi ranar da magana ta yi tsawo.

Yanzu ka ɗan tsaya a inda shi yake tsaye. Ranar da ya miƙa maka dubu ashirin, shi ma bai san waƙar za ta tashi ba. Haka ake yi a yawancin situdiyoyinmu, a biya kuɗin zama, a ɗauki waƙa, a tafi, mai kiɗa ya jira na gaba. Mai yiwuwa shi ya kashe kuɗin bidiyo, shi ya bi masu gidan rediyo da 'yan TikTok, shi ya yi yawon biki kyauta kafin a fara biyansa. Wannan ma aiki ne, kuma da shi waƙar ta isa kunnen mutane. Inda ba ni da uzurin da zan ba shi shi ne suna. Sa sunanka ba zai rage masa ko sisi ba, kuma doka ma ta amince da haƙƙin mai aiki a ambace shi. Ina zaton tsoro ne ya hana shi. Yana ganin in ya amsa cewa kai ka yi kiɗan, gobe za ka zo da lissafin miliyoyi.

Shi ya sa nake so ka cire masa wannan tsoron da kanka. Ka same shi ku biyu, ba a waya ba, ba a gaban yaransa ba. Ka ce masa abu uku kake so: a ƙara sunanka a bayanin waƙar a YouTube da sauran manhajoji, wanda aikin 'yan mintuna ne, a rubuta maka kaso daga abin da waƙar za ta kawo daga yau, ba na baya ba, sannan duk aikin da za ku yi nan gaba ya zama da takarda. Na ce daga yau da gangan. Bin kuɗin baya zai jawo musu da rantse-rantse, kuma yawancin abin da ya samu daga wasan biki ne da liƙi, wanda ba za ka iya ƙirga shi ba. In ya ƙi, ku nemi babba a harkar wanda ku biyun kuke jin nauyinsa. In hakan ma ta ƙi, lauya ya rubuta masa wasiƙa. YouTube yana da hanyar shigar da ƙorafin haƙƙin mallaka wadda za ta iya sa a sauke waƙar, amma wannan makami ne na ƙarshe, domin waƙar da aka sauke ba ta amfane ka ba, ba ta amfane shi ba.

Facebook kuwa, masoyansa sun fi naka yawa, kuma ba hujja za su karanta ba. Za a ce hassada ce. Mafi muni, mawaƙan da ke tunanin kawo maka aiki za su ce yaron nan rigima gare shi. Ga surukai suna bincike, ga Baba da ka san yadda yake ji. Abin da zai fara isa kunnensu game da sana'arka kada ya zama zage-zage.

Daga yau kuma ba wanda zai fita daga ɗakinka da aiki babu takarda, ko ɗan uwanka ne. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa ma ya yi: sunan waƙa, wa ya rubuta baitoci, wa ya yi kiɗa, nawa aka biya, haya ce ko sayarwa, kason kowa nawa ne, yaya za a rubuta sunanka. Ku sa hannu da shaida. Ka karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, kuma kada cikakken fayil ya bar hannunka sai an cika. Ka sa tambarin muryarka a farkon kowane kiɗa yadda furodusoshin Legas ke yi, domin wannan 'yar daƙiƙa biyu ita ce tallar da ba wanda zai goge maka idan waƙa ta shiga wayoyin 'yan dawunlodin. Za ka ji kunya a karo na farko da na biyu, wasu ma za su ce ka fara girman kai. Waɗanda za su gudu saboda takarda su ne da ma waɗanda ba za su biya ba.

Wannan matsala ba a kanka aka fara ta ba, ba kuma a ƙasarmu kaɗai take ba. A 2018 wani matashi ɗan ƙasar Holan da ake kira YoungKio ya sa kiɗansa a kasuwar intanet ta BeatStars, wani yaro Ba'amurke da ba a san shi ba, Lil Nas X, ya biya dala 30 ya ɗauka. Waƙar da aka yi da kiɗan ta yi mako 19 tana ta ɗaya a jadawalin Billboard, wato jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, a 2019. Dala talatin! Amma sunan matashin yana jikin aikin a matsayin furodusa, kuma wannan sunan ne ya buɗe masa ƙofofi daga baya. Kai sunan aka hana ka, shi ya sa na sa shi a gaban kuɗi.

Sai maganar ajiye aiki. Ina so ka ɗauki littafi ka rubuta abin da kiɗa ya kawo maka a wata shida da suka wuce, ka cire kuɗin data da fetur ɗin janareta da gyaran kaya. Ba na jin abin da zai rage zai kai rabin albashinka na waɗannan watannin. Kada lambobin TikTok su ruɗe ka. Dandalin sauraron waƙa na Spotify ya shigo Najeriya a 2021, amma abin da yake biya ya danganta da ƙasar mai saurare, kuma saurare daga nan ba ya kai na Ingila ko Amurka daraja. Tun 2024 ma waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a shekara ba ba ta samun komai a wurinsu. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, ko mabiya 1,000 da kallon gajerun bidiyo miliyan 10 cikin kwana 90. Yawancin masu sauraronmu kuwa a waya suke karɓar waƙa, daga aboki ko daga shago. Mai kiɗa a Arewa yana cin abinci ne daga ƙofofi da yawa a lokaci guda: kuɗin zama a situdiyo, tace wa wasu aikinsu, waƙoƙin amarya da ango, kiɗan talla na rediyo, kiɗan bayan fage na fina-finai masu dogon zango, koyar da yara masu tasowa, da ba da hayar kiɗa a intanet ga wanda ba ka taɓa gani ba. Cikin waɗannan ka duba kiɗan fim da na talla da kyau. Ba su da ƙyalli, amma mai kamfani ya fi mawaƙi sabawa da rasit. Waƙar siyasa tana da kuɗi a lokacinta, sai dai tana manna wa mutum launi, ka yi tunani kafin ka karɓa.

Ka kuma daina kallon aikin sola kamar sarƙa a ƙafarka. Babbar matsalar situdiyo a garuruwanmu wuta ce, da ƙarar janareta da ke shiga makirfo. Kai ka iya haɗa sola da inbata, ka san abin da ke jawo gunjin lantarki a sifika, ka san yadda ake kawar da shi. Ɗakinka zai iya zama wurin da ba a cewa mawaƙi ya dawo gobe an ɗauke wuta. Masu situdiyo ma abokan cinikinka ne ta wannan fuskar.

Tayin Legas ba abin wasa ba ne, kuma ban ce ka watsar ba. Can kasuwar take, can manyan kamfanoni suke, kuma wata uku kusa da ƙwararre a fannin tace sauti za su koya maka abin da bidiyon YouTube ba zai koya maka ba. Amma wurin kwana ba albashi ba ne. Ka tambayi mutumin a rubuce: kiɗan da za ka yi a situdiyonsa na wa ne, sunan wa za a sa, kashi nawa ne naka in mawaƙi ya biya, kuma in ka ga ba za ka iya ba, kana da 'yancin tafiya da ayyukanka? Akwai masu tara yara masu hannu suna yi musu kiɗa a ɓoye, su fita da shi da sunansu. Idan haka ne, abin da abokinka ya yi maka za a riƙa yi maka kullum, ga yunwa ga nisan gida. Ka nemi lambar wani da ya taɓa zama a wurinsa ka ji daga bakinsa. Sannan ka ɗauki hutunka na shekara ka je ka yi mako biyu ka gani da idonka. Ka kuma ba shi shawarar ku fara aiki daga nesa, kana tura masa kiɗa yana sayarwa da sunanka. Yadda zai karɓi wannan maganar zai nuna maka ko kai yake so ko hannunka kyauta. Kada ka saki reshe ka kama ganye. Ma'aunin da zan ba ka shi ne wannan: ranar da kiɗa ya jera wata shida yana kawo maka kwatankwacin albashinka, kana kuma da ajiyar da za ta riƙe ka wata shida, ranar ce za ka rubuta takardar ajiye aiki.

Idan kana ganin riƙe aiki yana nufin ba da gaske kake ba, duba magabatanka a wannan fanni. Mamman Sani na Nijar yana ma'aikaci ya sayi fiyanon lantarki ƙirar Italiya, ya naɗi kiɗansa a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978. Shekaru ana sa kiɗan a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, mutane sun haddace shi, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi duniya ta ji. Francis Bebey ɗan Kamaru ya yi aikin rediyo, ya yi aiki a hukumar UNESCO a Faransa, bai ajiye ba sai 1974, yana da shekara 45 a duniya. Kai 27 gare ka.

Na bar maganar Baba zuwa nan ne don ta fi sauran nauyi. Da ya ce bai haifi maroƙi ba, ka fahimci duniyar da yake magana daga cikinta. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, ta wasu gidaje, kuma tana tafe da roƙo da bin masu sarauta da masu kuɗi. Mutum zai saurari Shata ko Ɗanƙwairo ya ji daɗi har ya yi kyauta, amma a ce ɗansa ya bi layin, sai ya ɓata rai. Ƙara da abin da yake ji game da 'yan fim da mawaƙa, kwana a waje, cakuɗa, shaye-shaye. Wasu daga cikin tsoronsa suna da tushe, kai ma ka sani. Kuma akwai abin da ba ka faɗa ba amma yana cikin wasiƙarka: a bakin mutane ya ji, ba a bakinka ba. Uba yana jin zafin wannan ƙwarai.

Kada ka je masa da muhawara, kada ka je da tarihin Bebey. Ka fara da Umma, ko kawu ko baffan da yake jin maganarsa, su share maka hanya. Ka durƙusa ka ba shi haƙurin ɓoyewar da ka yi. Sannan ka gaya masa abin da kake yi a zahiri: kana zaune ne a ɗaki da na'ura, ana kawo maka aiki ana biya, ba ka bin kowa da kirari, ba ka hawa dandali. Ka faɗa masa iyakokin da ka sa wa kanka, kuma su zama na gaskiya waɗanda za ka iya riƙewa: ba batsa, ba zagin kowa, ba mace ita kaɗai a ɗaki da dare, ba aiki lokacin salla. Mafi sanyaya masa rai shi ne ya ji aikin kamfani yana nan. Idan damuwarsa ta addini ce, wannan ba filin fatawa ba ne. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan kayan kiɗa, mafi yawa sun tsananta, wasu sun sassauta da sharuɗɗa. Ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa, ka tambaya tsakaninka da Allah, ba don neman wanda zai faɗa maka abin da kake so ba. Ka kuma shirya wa yiwuwar cewa Baba ba zai sauko a zama ɗaya ba. Ka ci gaba da gaisuwa, da cefanen da ka saba, da zama kusa da shi ko bai ce komai ba. In ya kafe, ilimin sautin da ke kanka yana da wasu ƙofofi: naɗar karatu da wa'azi, tace shirye-shiryen rediyo, haɗa na'urorin magana a masallatai da ɗakunan taro. Ban ce su za su maye maka gurbin kiɗa a zuciya ba, amma hanya ce da za ta riƙe hannunka a kan na'ura har ƙura ta lafa.

Yarinyar kuma ka gaya mata komai yanzu, har da tunanin Legas, domin rayuwarta ce ita ma. Masu bincike za su gano kana kiɗa ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba, gara waliyyanka su faɗa da bakinsu: ma'aikacin lantarki ne, yana kuma da ɗan situdiyo.

Abu ɗaya game da aikin kansa, tunda ka ce kana da hannu. Idan ka je Legas kana kwaikwayon kiɗan Legas, za ka tarar da dubu da suka fi ka iya shi. Abin da ba su da shi shi ne kalangu da kotso da gurmi da garaya da goge a kunnensu tun suna goye. Sai dai kada ka yanko daga tsofaffin kaset ka liƙa. Shata ya rasu a 1999, haƙƙin waƙa kuwa yana nan shekara 70 bayan rasuwar mai ita, iyalansa suna da magana. Ka nemi makaɗin kalangu a unguwarku, ka kawo shi ɗakinka, ka naɗi hannunsa, ka biya shi, ka rubuta sunansa a takardar nan mai shafi ɗaya kamar yadda kake so a rubuta naka. Ka kuma rage ƙarar abin kunne, ka riƙa hutawa bayan kowace awa, don jin da ya tafi ba ya dawowa.

A wannan makon ka kwafe fayilolinka, ka rubuta takardar yarjejeniyarka, ka tura wa mutumin Legas tambayoyin nan. Ranar Juma'a bayan an sauko ka je wurin kawunka. Abokin naka ka bari sai mako mai zuwa, lokacin da za ka iya faɗin abu ukun nan ba tare da muryarka ta tashi ba. In kun zauna, rubuto mini abin da ya ce. Allah Ya yi maka jagora.